Ba Sai Mai Kuɗi Kaɗai Jirginsa Zai Yi Usur Ba

Batun da zan taɓo a wannan fitowa ya ɗan kauce wa nahawu da adabi, amma bai yi nisa da ajinmu na ilimin furuci ba, domin magana ce a kan sauti. Akwai masu sha'awar ƙananan jiragen ƙasa na kwaikwayo, waɗanda ake shimfiɗa wa layin dogo a kan tebur, a kuma tuƙa su da wutar lantarki. Ba wasan yara ba ne kawai. A birnin Hambog na ƙasar Jamus, tun shekarar 2001 aka buɗe gidan Miniatur Wunderland, kuma mutane na biyan kuɗi su shiga kallon irin waɗannan jirage. Galibinsu an ƙera su ne bisa ma'aunin HO, wato an rage girman jirgi na gaske sau 87, ko ma'aunin OO na Ingila, sau 76, kuma duka biyun kan gudu a dogo mai faɗin milimita 16.5.

Ra'ayin da ya yaɗu a tsakanin manyan masu wannan sha'awa shi ne, in za ka sa wa kan jirginka sauti, to ka sayi na'ura mafi tsada ko kuma ka haƙura. Ni kuwa ban yarda ba.

Bari mu fara da yadda abin ke aiki. A tsohon tsari, in ka ƙara wuta jirgi ya ƙara gudu, in ka rage ya rage, shi ke nan. A shekarun 1980 kamfanin Lenz na Jamus ya fito da wani tsari wanda daga baya ƙungiyar NMRA ta Amurka ta mai da shi ma'auni na kowa, ana kiransa DCC. A wannan tsari wuta na nan a kan dogo kullum, kuma a cikin wutar ake aika umarni. Kowane kan jirgi na ɗauke da wata 'yar na'ura da ake kira dikoda. Da ni aka tambaya, da "tafinta" zan raɗa mata, don aikinta ke nan: ta saurari saƙon da ke tafe a cikin dogo, in da lambarta aka kira ta fassara shi ga injin, in ba da ita ake ba ta yi shiru. Sabuwar dikoda kan zo da lamba 3. Mai sauti kuwa tana da ƙarin ma'ajiya inda aka zuba muryar jirgi na gaske, da usur, da ƙararrawa, da ƙarar birki.

To, a nan farashi ya rabu. Dikoda irin LokSound ta kamfanin ESU, in an haɗa da sautin da aka zuba mata, takan haura fam 100 a Ingila, wani lokaci ma ta fi kan jirgin tsada. A 2014 kamfanin Hornby ya fito da TTS, daga baya kuma ya fara sayar da ita daban a kan kimanin fam 40. Kamfanin SoundTraxx na Amurka ma ya yi tasa mai sauƙi, Econami. A 2023 kuma Hornby ya kawo HM7000, wadda ake sarrafawa da wayar hannu ta Bluetooth, a kuma sauke mata sautin da ake so. Duk ɗalibin da ya san abin da fam guda ke ci a naira ya san wannan bambanci ba ƙarami ba ne.

Masu kushe mai arha suna da hujja, kuma ba zan ɓoye ta ba. Jirgin tururi mai silinda biyu yakan yi numfashi huɗu a duk juyi ɗaya na ƙafarsa, mai silinda uku kuwa shida. Dikoda mai tsada ana iya saita ta har numfashin ya dace da juyin ƙafa daidai. TTS ba ta yin haka, kuma sauti biyu kacal take iya fitarwa a lokaci guda. Wanda ya durƙusa ya sa ido a ƙafar jirgi yana ƙirga zai gane. Amma mutum nawa ne ke kallon jirgi a haka? Da zarar ya ɗau gudu, ido ba ya iya ƙirga juyi. In kuwa jirgin dizal ne, matsalar ma ba ta taso ba.

Babbar hujjata ita ce lasifika. Ko nawa ka kashe a kan dikoda, muryar ta cikin wata 'yar lasifika za ta fito, wadda sau da yawa ba ta wuce milimita 11 da 15 ba, irin ta cikin wayar hannu. Mun karanta a aji cewa sauti motsin iska ne. Idan fatar lasifika ta tura iska gaba, a daidai lokacin tana janyo ta daga baya. In an bar ta tsirara, iskar gaba da ta baya sai su haɗu su kashe juna, musamman a sauti mai kauri, sai ka ji jirgi na kuka siriri kamar sauro. Maganin shi ne a yi mata ɗan akwati a rufe bayanta ruf, a liƙe ko'ina, kada a bar ko ƙofar allura. Kamar dai ƙoƙon gurmi ne: tsirkiya ke kaɗawa, amma ƙoƙon ne ke ba ta murya. Dikoda mai arha da akwati mai kyau ta fi mai tsada da aka jefa wa lasifika haka nan. Akwatin kuwa da guntun roba da gam ake yin sa, lasifikar ma ana samun irinta a wurin masu gyaran waya, a Ikeja ko a kowace kasuwa. Abin lura kawai shi ne a duba ƙarfinta, domin TTS mai om 8 take so, wadda ta gaza haka tana iya ƙona ta.

Sauran aikin ba wuya. Jiragen zamani kan zo da soket mai ƙafa 8 ko 21, cusawa kawai ake yi. Tsofaffi ne ke bukatar dalma, kuma dole a raba wayoyin injin da jikin ƙarfen jirgin kafin a sa wuta. Dogo mai datti kan sa sauti ya yanke ya sake farawa, shi ya sa ake ƙara kafasita mai riƙe wuta na ɗan lokaci. Sannan don Allah a rage ƙara. Jirgi biyar na ihu a ɗaki ɗaya ba tasha ba ce, hayaniya ce.

Akwai kuma abin da ya shafe mu a nan gida. Dogon da ya haɗa Legas da Kano a 1912 faɗinsa milimita 1,067 ne, kuma a kansa jiragen tururi samfurin River, masu silinda biyu, suka yi aiki kafin dizal ya kore su. Wanda ya je gidan tarihi na Jaekel House a Ebute Metta zai ga hotuna da kayan aiki, amma kunnensa ba zai ji komai ba. Jerin sautukan da kamfanoni ke sayarwa galibi na jiragen Amurka da Ingila da Jamus ne. Ɗalibin da ke son ƙera jirginmu zai iya amfani da ma'aunin ragi sau 64, inda dogon milimita 16.5 ke dacewa da namu, kamar yadda masu wannan sha'awa ke yi a Niyuzilan. Sai ya nemi sautin wani jirgin Ingila mai silinda biyu, tunda can aka ƙero da yawa daga cikinsu. Usur ɗin ne zai bukaci bincike, kuma tsofaffin ma'aikatan reluwe da ke unguwannin Ebute Metta da Kafanchan da Zariya su ne za su iya saurara su ce wannan ya yi kama, wancan bai yi ba. Wannan aiki ne na rakoda da tambayoyi, irin wanda ake tura mu yi a shekarar ƙarshe.