Ƙwayar Barci Da Jinyar Lantarki

Jama'a, yau zan yi magana a kan wata jinya wadda sunanta kaɗai kan tsorata mutane, watau jinyar lantarki. Likitoci na yin ta ga mai ciwon baƙin ciki mai tsanani, irin wanda kan hana mutum ci da magana, har ya riƙa tunanin halaka kansa. Wasu likitoci biyu, Cerletti da Bini, su suka fara ta a birnin Rum cikin 1938. A yau sai an yi wa majinyaci allurar barci da ta sassauta jiki tukuna, sa'an nan a sa masa wuta kaɗan a ka. Akan yi sau biyu ko uku a mako, jimla kamar sau 6 zuwa 12.

To, ku lura, abin da likita ke nema da wutar shi ne ƙwaƙwalwa ta yi 'yar gajeriyar farfaɗiya, ta kamar rabin minti. In wannan ba ta samu ba, an wahalar da majinyaci a banza.

Ga inda gizo ke saƙa. Ƙwayoyin barci da na kwantar da hankali, irin su diazepam, wanda aka fi sani da Valium, aikinsu danne ƙwaƙwalwa ne. Ai da allurar diazepam ɗin ake tsai da farfaɗiya a asibiti. Haka kuma Tegretol da valproate, magungunan farfaɗiya ne, ko da yake akan ba masu ciwon hankali su ma. Wanda waɗannan ke jikinsa, farfaɗiyar takan ƙi zuwa, ko ta zo gajeriya ƙwarai. Dole likita ya ƙara wuta, ƙarin wuta kuwa kan jawo ƙarin ruɗewa da mantuwa bayan an farka.

Likitoci suna da dabara. Sukan rage ƙwayar sannu sannu, ko su hana shan ta daren jajiberin jinya. Akwai ma wata allura, flumazenil, mai karya ƙarfin diazepam na ɗan lokaci. Amma mai farfaɗiya ta ainihi ba a raba shi da maganinsa, sai dai a daidaita.

Abin da ya fi damuna shi ne, duk dabarun nan ba su da amfani in likita bai san abin da mutum ke sha ba. A garuruwanmu da yawa kan sayi diazepam a kemis ba takardar likita, dangi kuwa ba su lissafa shi cikin magani, wai ai na barci ne kurum. Saboda haka mai raka ɗan'uwansa asibiti ya tattara kwalayen duk abin da yake sha, ya ajiye gaban likita. Kada kuwa wani ya karanta wannan ya je ya yanke wa majinyacinsa ƙwaya dare ɗaya. Wanda jikinsa ya saba da diazepam, in aka yanke masa farat ɗaya, farfaɗiya na iya kama shi a gida, inda ba likita kusa.