Kifin Korama da zaɓen firigo na tafiya

Duk wanda ya saba bin hanyar Magarya ko ta Dungas bayan ɗaukewar ruwan sama ya san yadda tafkunan kwarin Korama ke cika, har waɗansu su kai bazara ba su ƙafe ba. A nan masunta ke shiga da gora, masu hali kuma da ɗan kwale-kwale, suna fid da tarwaɗa da karfasa da gaiwa. Amma da zarar kifi ya bar ruwa sai tsere ta tashi tsakanin mai shi da rana. A watan Afirilu da Mayu zafi yakan haura digiri 40 a inuwa, kifin da aka kama da asuba kafin la'asar ya soma sauya wari. Daga nan sai banda, ko a karyar da shi ga wanda ya fara tayawa.

Wannan ya sa idanun ƴan kasuwa suka koma kan ƙananan firigo na tafiya, waɗanda ake shigowa da su daga Kano ta Maigatari da Tinkim. Asalinsu an ƙera su ne domin jiragen ruwa na shaƙatawa da motocin ƴan yawon buɗe ido a Turai da Ostareliya, suna aiki da batir mai bolt 12. A ido dukansu ɗaya ne: akwati, murfi, igiyar wuta. A ciki kuwa iri uku ne, kuma a nan dukiyar mutane ke salwanta.

Mafi araha shi ne wanda ba shi da inji, sai ƴar fanka a murfi da wani ɗan faranti da wuta ke sanyaya gefensa guda. Iyakar ƙarfinsa ya rage digiri 15 zuwa 20 daga zafin wurin da yake. A ƙasar da zafi ke tsayawa a 25, wannan ya isa a sha ruwan sanyi. A kasuwar Dungas da tsakar rana, 42 a cire 20 saura 22, wato daidai inda kifi ke ruɓa a hankali, mai shi yana zaton ya adana. Ga shi kuma yana zuƙar batir ba hutu, dare da rana. Wanda ya sayar wa mai kifi irin wannan ya cuce shi, ko da bai yi masa ƙarya ba.

Na biyu shi ne mai aiki da gaz ko kananzir. Tsofaffin ma'aikatan lafiya sun san shi sarai, domin da shi aka daɗe ana ajiyar allurar rigakafi a ɗakunan shan magani na ƙauye kafin zuwan na hasken rana, kuma ba su manta da wahalar gyaran lagwani da daidaita ƙafafunsa ba. Idan bai zauna daidai wa daida ba, ba ya sanyi. Kwale-kwale da amalanke da motar kasuwa a cikin rairayin Dogo-Dogo babu mai zama daidai a cikinsu. Harshen wuta kusa da jarkar fetur kuma ba abin wasa ba ne.

Saura mai kwamfuresa, wato mai inji irin na firigon gida amma ƙarami. Shi ne kaɗai ke iya kaiwa ga daskarewa a wannan zafi, yana jure jijjiga da ɗan karkata, kuma yana hutawa idan sanyi ya kama. Engel na Japan da Dometic na Suwidin sun yi suna a kansa, na Sin kuma sun cika kasuwa, masu kyau da marasa kyau. Sai dai sayensa rabin kashin kuɗi ne kawai. A ɗauka inji yana jan amfa 4 in yana aiki, kuma a zafin nan yana aiki rabin lokaci: a kwana ɗaya ya ci 48. Batir mai lamba 100 Ah irin na dalma, in ana son ya yi ƙarko, rabinsa kaɗai ake sha. Ke nan batir guda abincin yini ɗaya ne. Farantin hasken rana mai wat 100 ba ya mayar da fiye da 30 da ɗoriya a rana mai kyau, in hazo ya rufe sama ko ƙura ta kwanta a kansa sai abin da hali ya yi. Wanda bai saka batir da faranti cikin lissafi ba, akwati kawai ya saya. Wanda ya jona a batir ɗin motarsa ya kwana, da safe sai turi.

Akwai kuma abin da mai kanti ba ya faɗa. Ƙaramin firigo gwani ne wajen riƙe sanyin abin da ya riga ya yi sanyi, rago ne wajen sanyaya kaya mai ɗumi. Kilo 20 na kifin da ya fito daga ruwa mai digiri 30, kafin irin wannan inji ya sauko da shi kusa da sifiri sai ya ci rabin kwana ko fiye, alhali a waɗannan sa'o'in ne ɓarna ke shiga. Ƙanƙara kilo 7 da aka farfasa aka barbaza tsakanin kifin tana yin wannan aiki cikin ɗan lokaci, shi ya sa ƙa'idar masana a ƙasashen zafi ita ce kilo na ƙanƙara ga kilo na kifi, domin a samu rarar hanya. Karfasar da ke kwance cikin ƙanƙara tana wuce mako guda lafiya lau. Saboda haka masunci da ke cikin kwale-kwale, inda ruwa ke fantsama kuma babu wurin aje batir, abin da ya dace da shi kula ce mai kaurin bango, mai ƙofar tsiyaye ruwa a ƙasa. Firigo mai inji na ɗan kasuwar da ke jira a bakin tafki ne, mai ɗaukar kaya zuwa Magarya ko Damagaram, tafiyar kilomita wajen 90.

To, amma ƙanƙara ɗiyar lantarki ce, lantarkin jahar Damagaram kuwa kaso mai yawa daga Nijeriya yake zuwa. Ba a manta ba, a watan Agusta na 2023 aka yanke layin, bai dawo ba sai cikin 2024. Waɗanda suka dogara ga Nigelec kaɗai sun ga yadda ƙanƙara ta zama zinariya. Ƙungiyar masunta ko ta mata masu sayar da kifi da ke da ɗan jari, ya fi mata ta haɗa kuɗi ta sayi babban firigo mai daskarewa na hasken rana guda ɗaya a gari, ya riƙa ba kowa ƙanƙara, da a ce mutum goma kowa ya sayi nasa ƙarami yana fama da batir.

Masu tumatir da gauta ba sa ma bukatar wannan duka. Randar cikin randa mai jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda Malam Muhammad Bah Abba ya yaɗa a ƙauyukan Jigawa har ya sami kyautar Rolex a 2000, ta ishe su a lokacin rani. Kifi ne dai ba ta iya masa.

Wanda duk da haka ya ƙudura sayen mai inji, ya duba takardar da ke liƙe a bayansa. Harafin N yana nufin an yi shi domin zafin da bai wuce 32 ba, ST 38, T kuma 43, kuma T ɗin ne na wannan ƙasa. Ya tambaya ko yana kashe kansa in batir ya yi ƙasa. Ya taɓa robar murfi ya ji ko tana kamawa, ya fifita mai buɗewa ta sama, domin sanyi ƙasa yake kwanciya. Na hannu mai tsohon gaz R12, wanda aka daina yi, ya bar wa mai shi, domin in ya tsiyaye samun na ƙari wuya ne. Kafin ya ƙirga kuɗi, a jona masa shi a batir nan cikin kanti, a jefa ledar ruwa guda a ƙasansa, ya tafi sallar azahar ya ci abinci ya dawo ya taɓa.