Barci Ba Ya Sayuwa a Tasha

'Yan'uwa mazauna Kurmi, daga Agege har Sabon Badun, yau maganar barci zan yi muku.

Da na je ganin gida a unguwar Maisandari ta Yerwa, na tarar da wani ƙanena ya rame. Tun daren 10 ga Satumba 2024, da madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya ci babban sashen Maiduguri, bai sake barcin kirki ba. Wannan kuwa gari ne da tun 2009 yake kwana da kunne ɗaya saboda Boko Haram. Abin da ya ɗaga mini hankali shi ne ƙunshin "shayin barci" da wani abokinsa ya aiko masa daga Ikko, babu lambar NAFDAC, babu wanda ya san abin da aka zuba a ciki.

Mu ma nan haka muke yi. Mai gadi da direba da ɗan dako, kowa ya wuni yana taunar goro, ya kwana yana kurɓar shayi mai kauri. Alhali goro da ganyen shayi duk suna ɗauke da kafin, sinadarin da ke hana ido rufuwa, wanda rabinsa yake nan a jiki bayan kamar awa 5. In barci ya ƙi, sai a nufi mai tallar ƙwaya a tasha. Ta haka ne samari da yawa suka faɗa wa baliyam da taramol. Ku tuna sai da gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018 saboda ɓarnar da ya yi wa yaranmu.

Ra'ayina shi ne mu koma ga abin da iyayenmu mata suka sani. Daga la'asar a ajiye goro da shayi. Da dare a dafa zoɓo ko na'a-na'a da ɗan citta, ba tare da ganyen shayi ba, a sha da ɗumi. Babu kafin a cikinsu, kuma kuɗinsu kaɗan ne. Amma zoɓo yana rage hawan jini, don haka mai shan maganin hawan jini da mace mai ciki su fara tambayar likita.

Sai dai kada mu yaudari kanmu. Ganye yana kwantar da gajiya, ba ya cire firgita. Wanda ya yi makonni yana zabura cikin dare, likita yake bukata. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Maiduguri, akwai irinsa a Yaba da Aro ta Abeokuta. Zuwa can ba hauka ba ne, ba kuma abin kunya ba ne.

To, mai son taimakon na gida ya aika kuɗin mota da na ganin likita, ya bar ƙunshin tasha a tasha. Allah ya ba mu lafiya.