Kama da Wane Ba Ta Wane: Su Wa Ne 'Ya'yan Kaza na Gaskiya?

Wanda ya ɗaga kai a daren hunturu ya san tarin taurarin nan da muke kira Kaza da 'Ya'yanta. Ido yakan ƙirga shida ko bakwai. Galileo ya zana 36 a 1610, yau kuwa an san mambobinsa sun haura 1,000. Tambayar da ta fi ƙirga wuya ita ce: a cikin taurarin da ke wannan kusurwa ta sama, wane ne ɗan gida, wane ne baƙo?

Kusanci a ido ba shaida ba ne. Aldebaran, jan tauraron da ake gani a tsakiyar wani tarin mai suna Hyades, nisansa tafiyar haske ce ta shekara 65, alhali tarin yana can wajen shekara 150. Hanya kawai ya tare.

Don haka masana ke neman hujja uku. Taurarin da aka haifa daga gajimaren iskar gas guda nisansu ɗaya ne, kusan shekara 440 ga Kaza. Tafiyarsu a sarari ta fuskanci wuri ɗaya. Launinsu da haskensu kuma sun dace da shekaru ɗaya, kimanin miliyan 100. Kumbon Gaia na Turai, da aka harba a 2013, ya auna nisa da motsin taurari fiye da biliyan ɗaya, kuma da awonsa ake tantancewar yanzu.

A ganina, wannan aiki mai cin rai ya fi hotunan sama masu ƙayatarwa daraja. Dalilina shi ne rabon nauyi. A 1955 Edwin Salpeter ya nuna cewa idan nauyin tauraro ya ninka, adadin irinsa yakan ragu kusan sau biyar. Manya kaɗan ne, ƙanana su ne jama'a. Da irin wannan ma'auni ake ƙiyasta nauyin galaksi masu nisa, inda ba a iya ganin ƙananan. Idan baƙi suka shiga lissafin Kaza, kuskuren zai bi ma'aunin har can.

Mai suka zai ce tsananta sharaɗi ma yana da illa, kuma yana da gaskiya. Masu nauyi sukan taru a tsakiya, marasa nauyi su watsu a gefe, wasu su sulale. Wanda ya matse iyaka zai kori 'yan gida, musamman dusassu irin Teide 1, wanda aka gano a Kaza a 1995, da bai kai nauyin cikakken tauraro ba.

Shi ya sa na fi amincewa da masanin da zai ce yiwuwar wannan tauraro ɗan gida ne ta kai kashi 90 cikin 100, a kan mai yanke hukunci kai tsaye. Ƙidayar da ta bayyana iyakar shakkunta ita ce na baya za su iya gyarawa idan sabon awo ya zo.