Kafin Ka Ɗaga Motar Baba Sama

Yau maganar mota zan yi, kuma na san wasu abokaina ba za su ji daɗinta ba, to amma gaskiya ɗaya ce.

Duk wanda ya tashi a Deira, tsakanin Al Sabkha da Naif da Baniyas, ya san irin motocin da iyayenmu suka riƙe. Ko dai Land Cruiser samfurin 80, wadda Toyota ta fara fitarwa a 1990, ko Nissan Patrol Y60 ta 1987, ko ƙanwarta Y61 da ta fito a 1997. Da su aka yi ta jigilar dilolin atamfa da shadda zuwa shagunan kago, da su ake ɗauko baƙin Kwari da Maraɗi daga filin jirgi. Yanzu iyayen sun manyanta, makullin ya dawo hannunmu, kuma abin da ya fara zuwa ran kowane saurayi shi ne a ɗaga ta inci 4 ko 6, a sa mata manyan tayoyi, a nufi Lahbab ranar Asabar a ɗauki hoto.

Ra'ayina a taƙaice: tsohuwar mota da kake hawa kullum, kada ɗagawar ta wuce inci 2, wato milimita 50, kuma wannan ɗin ma sai bayan ka gyara abin da shekaru suka cinye. Ga dalilaina.

Da farko, mutane da yawa ba su gane abin da ɗagawa take ƙarawa ba. Waɗannan motocin aksil ɗinsu sandararre ne gaba da baya. In ka sa dogayen sifirin, bodi da shasi ne suke hawa sama, amma tulun giyar nan da ke tsakiyar aksil yana nan inda yake, kuma shi ne ke fara dukan dutse ko nutsewa a yashi. Taya ce kaɗai ke ɗaga shi. Ita ma kada ka sa rai da yawa: daga 265/75R16 zuwa 285/75R16, milimita 15 kacal ka samu a ƙasa. Sannan agogon gudu zai riƙa yi maka ƙarya da kusan kashi 4 cikin 100, yana nuna 120 alhali kana kusa da 125, ga kyamarorin titi ba sa jin haƙuri.

Na biyu, duk incin da ka ƙara yana jawo wani gyaran. A samfurin 80, in motar ta tashi, hannuwan da ke riƙe da aksil na gaba suna karkatar da shi, sai sitiyari ya daina komawa tsakiya da kansa, motar ta riƙa yawo a kan titi kamar mai jin barci. Sandar da ke hana aksil gocewa gefe takan janye shi ɓangare ɗaya. Tiyon birki ya gajarce, farfela ta karkace ta fara jijjiga. Akwai kuma wani ɗan bawul a baya da ke auna nauyin kaya don raba ƙarfin birki. In an ɗaga mota ba a daidaita shi ba, sai ya ɗauka motar fayau take, ya rage wa tayoyin baya birki. A inci 2, ƙananan gyare-gyare sun isa. Daga inci 4 zuwa sama kuwa, kusan sabon ƙasan mota kake ginawa, kuma mai garejin da ya ce maka "sifirin da shok kawai, zuwa la'asar ka zo ka ɗauka" ba ya ƙaunarka.

Na uku shi ne wanda ya fi damuna, wato rai. Mota in ta yi tsawo nauyinta ya koma sama, kifewa ta zo kusa. A kan tudun yashi irin Big Red da ke hanyar Hatta, wurin gilma gefen tudu ne mota ke kwanciya, kuma doguwa ta fi saurin kwanciya. A babban titi ma haka ne, ka kauce wa wani abu da gudu, motar 1994 ba ta da na'urar da ke daidaita ta kamar motocin yanzu. Su wa ke zaune a baya? Ƙannenka ne, ko Hajiya za ka kai asibiti. Wallahi ba hoton da ya kai wannan tsada.

Wani zai ce, to ai tsawo yana hana bamba dukan ƙasa wurin hawa da sauka, kuma masu shiga duwatsun Ras Al Khaimah suna buƙatarsa. Haka ne, ban musa ba. Wanda ke da mota ta biyu da ya ware don wasa, yana da kuɗin yin aikin cikakke, wannan lissafinsa daban. Amma yawancinmu ɗalibai ne masu mota ɗaya, kuma yashi muke shiga. A yashi, rage iskar taya zuwa wajen 15 da iya riƙe gudu daidai sun fi kowane sifirin aiki. Direbobin Agadas da ke ratsa Tenere da Hilux da Land Cruiser, abin da ke gabansu shi ne mota ta ɗauki kaya ta kai, ba ta yi tsawo ba.

Sai maganar hukuma, wadda mu 'ya'yan baƙi bai kamata mu yi wasa da ita ba. A jadawalin tarar 2017, sauya inji ko shasi ba da izini ba ya jawo dirhami 1,000 da baƙaƙen maki 12 da tsare mota kwana 30, alhali maki 24 ne ke sa a karɓe lasin. Sabuwar dokar hanya ta tarayya mai lamba 14 ta 2024, wadda ta fara aiki a Maris 2025, ita ma ta hana yi wa mota babban sauyi sai da amincewar hukumar rajista. Mota mai shekara 30 kuma duk shekara sai ta je gwaji kafin a sabunta mulkiya. In rajistar da sunan Baba take, ka ga kai ka yi ado, shi kuma ya sha zirga-zirga. Ka tambayi RTA tukuna, ka kuma sanar da kamfanin inshora, don kada ranar tsautsayi su ce ba wannan motar suka sani ba. Kar ka manta ma da wuraren fakin masu hawa a Deira, ka duba tsawon da aka rubuta a ƙofa kafin ka ƙara maɗorin kaya a kan doguwar mota.

To me za a yi da kuɗin? A bi tsari. Fara da robobin ƙasa da zafin da ke haura digiri 45 ya busar, da birki, da fanka da lagireto, don yashi yana dafa inji. Sau da yawa tsofaffin sifirin sun riga sun zauna, sababbi masu tsawon asali ma za su tashi motar har ka yi mamaki. Daga nan ka zaɓi sifirin gwargwadon nauyin da kake ɗauka da gaske. Kamfanoni irin su Old Man Emu da Dobinsons na Ostareliya suna rarraba nasu bisa nauyi ne, in ka sa na ɗaukar kaya masu yawa a mota fayau, za ta riƙa tsalle da kai kamar amalanke. Shok kuma ya dace da tsawon sifirin, ya zama mai jure zafi, don man da ke ciki yana kumfa in ya sha wuya. Na gwanjo daga Sharja, a bodi ko fitila ba laifi, amma a shok da tiyon birki, araha ba ta ado.

Waɗannan motoci sun kai shekara 30 ne saboda masu su sun bar su kusa da yadda aka ƙera su. In mun bi a hankali, ƙannenmu ma za su koyi tuƙi da su. Wanda ke da wani ra'ayi daban ya rubuto, filin na kowa ne. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, a yi tuƙi lafiya.