Talabijin Ba Zauren Jiran Sinima Ba Ne

A shekarar 2019, fim ɗin Avengers: Endgame ya tara kusan dala biliyan 2.8 a gidajen sinima na duniya. Daga nan shugabannin Disney suka ɗauka cewa duk jarumin da ya taɓa gilmawa a finafinan Marvel ya cancanci shiri mai dogon zango a Disney+. Abin da ya biyo baya bai kamata a kira shi tsautsayi ba. Kwaɗayi ne, kuma an san mabuɗin da yake riƙe da shi.

WandaVision, wanda ya buɗe fagen a watan Janairun 2021, ya sha yabo. Kuskuren kamfanin shi ne mai da shirye-shiryen da suka biyo baya gadar da za a taka zuwa fim na gaba. Mai kallo ya koma ɗalibin da aka ɗora wa aikin gida: sai ya kalli sa'o'i masu yawa a talabijin kafin ya fahimci fim ɗin da ya biya kuɗin tikitinsa. The Marvels na 2023 ya dogara da Kamala Khan da Monica Rambeau, waɗanda aka gina labarinsu a talabijin. Da ƙyar ya haura dala miliyan 200, mafi ƙarancin abin da wani fim na jerin ya samu. A watan Mayun 2024, shugaban Disney Bob Iger ya sanar da rage yawan shirye-shiryen.

Masu kare kamfanin suna cewa jama'a ne suka gaji da jarumai masu riga mai fiffike. The Penguin ya rusa wannan uzuri. HBO ta fitar da shi a 2024, kashi takwas, a matsayin reshen fim ɗin The Batman na 2022, amma Batman bai fito ko sau ɗaya ba. Labari ne na rikicin mulki tsakanin 'yan daban birnin Gotham bayan kashe Carmine Falcone, kuma wanda bai taɓa ganin fim ɗin ba zai bi shi daga farko har ƙarshe. Colin Farrell ya ci kyautar Golden Globe, Cristin Milioti kuma ta ɗauki Emmy.

Saboda haka makomar irin wannan shiri tana hannun marubutansa. Wanda ya tsaya da ƙafarsa zai samu masu kallo. Wanda aka yi domin tallar fim mai zuwa kuwa, masu kallo sun riga sun koyi tsallake shi.