Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Yoyo



Duk wanda ya daɗe yana riƙe rajistar aji ya san cewa aikinta ya wuce kiran suna. A makon farko na zango layuka sukan cika da alamar halarta. Kafin a kai mako na shida sai giɓi ya fara bayyana, kuma idan muka duba da kyau, sunayen da suka yi giɓi bara su ne dai na bana: marayan da ke hannun kakarsa, yarinyar da ba ta fitowa sai ta sayar da ƙosan safe, yaron da ake ɗauke shi zuwa gona da zarar ruwa ya sauka, da 'ya'yan baƙin da rashin tsaro ya koro daga ƙauyukansu. Da sunan waɗannan yara ake ware kuɗi a Abuja kowace shekara. Tambayar da ta kamace mu, mu da muke tsaye a gabansu kullum, ita ce: nawa ne daga cikin wannan kuɗi yake isowa jikin yaron da aka ware dominsa?

Bari mu fara da abin da doka ta ce, domin da yawa daga cikinmu mun yi shekaru muna aiki a ƙarƙashinta ba mu taɓa buɗe ta ba. A watan Satumba na 1999 Shugaba Olusegun Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya a Sakkwato, sannan a 2004 aka yi masa doka. Dokar ta wajabta karatun shekara tara kyauta, shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. Ta kuma umarci gwamnatin tarayya ta ware aƙalla kashi 2 cikin 100 na kuɗin da ke shiga babban asusunta domin wannan aiki, ta hannun hukumar UBEC. Kaso mafi tsoka na kuɗin ba ya fita sai jiha ta ajiye nata kwatankwacinsa, daga nan hukumar ilimin bai-ɗaya ta jihar ta tsara ayyukan da za a yi. Akwai kuma wani wuri a dokar da ya dace kowane malami ya haddace: cikin abubuwan da ta lissafa a matsayin kyauta ga yaro akwai littattafai, kayan koyarwa, aji, kujeru da abincin rana. Ta kuma tanadi hukunci ga wanda ya karɓi kuɗi a kansu. Ke nan ciyar da ɗan talaka a makaranta ba alfarma ba ce da wani ɗan siyasa yake yi mana. Haƙƙi ne rubutacce.

Ba za mu yi butulci ba. Kuɗin nan ya yi aiki, kuma mun gani da idonmu. Da yawanmu mun fara koyarwa a gindin darbejiya, allo jingine da kututture, yau muna cikin aji mai rufi da taga. An kawo bencina, an haƙa rijiyoyin burtsatse, an raba littattafan lissafi da na Turanci, an kira mu bita. Wanda ya ga yadda 'yan mata na aji biyar da shida suke daina zuwa a makarantar da ba ta da makewayi mai ƙofa, ba zai raina ginin banɗaki ba.

Sai dai gini ba ya tambayar yaro ko ya karya. Abin da ke fitar da ɗan talaka daga makaranta yawanci ba babba ba ne. Rigar makaranta ce da ta yage har ya ji kunyar shiga cikin tsaransa. Littafin rubutu ne da ya cika, gida kuma babu na sayen wani. Yunwa ce da ke sa ya kwantar da kai a benci tun kafin a fita tara. Ribar tallan da uwa ba za ta iya haƙura da ita ba ce, domin da ita ake cefanen dare. Tsarin da muke da shi ya ƙware wajen kashe miliyoyi a kan bulo da siminti, amma ya rasa hanyar da zai bi ya saya wa maraya takalmi. Ana zana aikin a babban birnin jiha, a ba ɗan kwangila, ya zo ya yi ya tafi, sau da yawa ba a tambayi hedimasta ko malamin aji abin da makarantar ta fi buƙata ba. Alhali mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Hujja mafi ƙarfi a kan wannan magana ita ce shirin ciyar da 'yan makaranta da gwamnatin Shugaba Muhammadu Buhari ta fara a 2016. An tsara shi domin 'yan aji ɗaya zuwa uku, a kan naira 70 ga kowane yaro a rana, matan unguwa su dafa, a sayi kayan daga manoman yankin. Kowa ya san shirin yana da nasa raunin: hauhawar farashi ta cinye darajar kuɗin, akan yi makonni tukunya ba ta hau murhu ba, kuma 'yan aji huɗu sukan tsaya a taga suna kallon ƙannensu suna ci. Duk da haka, mu da muke kiran suna mun ga abin da cokali biyu na shinkafa da wake suka yi. Yaran da muka yi ta bi gida-gida ba mu samu ba, da ƙafarsu suka zo. Darasin bayan tara, wanda a da muke yi wa rabin aji, ya koma na kowa. Da aka dakatar da shirin a watan Janairun 2024, ba mu buƙaci wani ya kawo mana rahoto ba. Rajista ta faɗa mana.

Akwai hujja ta biyu, daga makarantarmu. Wata shekara mun samu ɗan tallafi daga kuɗin tarayya da ake turawa kai-tsaye cikin asusun kwamitin kula da makaranta domin ƙananan gyare-gyare. Kuɗin bai taka kara ya karya ba, ɗan kwangila ba zai ko waiwaye shi ba. Muka zauna da mai unguwa, da liman, da wakiliyar iyaye mata, da malaman azuzuwa, kowa ya faɗi abin da ya fi damunsa. Wasu suka so a yi wa ofis fenti. Wakiliyar mata ta ce a fara da ƙofar makewayin 'yan mata, aka bi shawararta. Kafintan unguwa ya gyara bencinan da suka karye maimakon a sayi sababbi. Magina biyu daga cikin iyayen yara suka yi aikin kyauta, har suka daɓe wata 'yar gangara a ƙofar aji uku saboda wani yaro da shan-inna ta nakasa, wanda a da sai abokansa sun ɗaga shi yake shiga. Muka rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita a babbar takarda, muka manna a bangon da kowa ke wucewa.

Ƙa'idar tallafin ba ta ba mu damar sayen riga ko littafin rubutu ba, ba mu kuwa taɓa shi domin haka ba. Amma da mutanen unguwa suka ga lissafi a fili, sai wasu 'yan kasuwa suka kawo yadi, tela ya rage kuɗin ɗinki, muka ɗinka wa marayu da 'ya'yan baƙi kayan makaranta. Jerin sunayen daga malaman aji ya fito, aka kuma raba kayan a asirce, kowa a gidansu, domin kada a tozarta yaro a gaban layi. Darasin da muka ɗauka shi ne: ƙaramin kuɗi a hannun waɗanda suka san yara da sunansu, ana kuma kallonsu, ya fi babban kuɗi a hannun wanda bai taɓa shiga ajin ba.

Mun san abin da za a ce mana. Za a ce idan aka sakar wa makarantu kuɗi, wasu shugabannin makaranta za su mayar da shi nasu. Wannan tsoro ba a banza yake ba, kuma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. A cikinmu an samu waɗanda suka ƙara sunayen yaran da babu su lokacin ciyarwa. A cikinmu akwai masu koro yaro gida saboda kuɗin jarrabawa, ko na tsintsiya, ko na ƙungiyar iyaye da malamai. Mun san dalili: makarantar da ba a ba ta ko sisin sayen alli ba, ina za ta nufa in ba aljihun iyaye ba? Amma dalili ba ya mayar da haram halal, kuma wanda ake korowa a kan naira ɗari biyu shi ne ainihin yaron da dokar ta zo karewa. Maganin ɓarna ba hana kuɗi ba ne. Maganinta shi ne asusun da ba a cire komai daga cikinsa sai da sa hannun hedimasta da na wakilin al'umma, da lissafi a bango, da sufeto mai ƙirga yara a aji ba a takarda ba. Ko cikin manyan kwangiloli ai ana ɓarna, ba a kuma ce a daina gini ba.

Wani abin takaicin ya fi wannan. Shekara da shekaru hukumar UBEC tana sanar da cewa biliyoyin naira na jibge a wajenta, domin wasu jihohi ba su ajiye nasu kason ba. Wannan kuwa a ƙasar da asusun UNICEF ya daɗe yana ƙiyasta cewa yara kusan miliyan 10.5 ba sa zuwa makaranta, mafi yawansu a Arewa. An kafa hukumar ilimin makiyaya tun 1989. An buɗe makarantar almajirai ta zamani a Gagi, Sakkwato, a 2012. An kafa hukumar kula da almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta a 2023. Hukumomi ba su yi mana kaɗan ba. Abin da ya yi kaɗan shi ne hanyar da kuɗi zai bi daga waɗannan ofisoshi ya iso ajin da ɗan makiyayi da almajiri da ɗan gudun hijira za su zauna. Haka kason da aka keɓe domin yara masu buƙata ta musamman: mu a makarantun gama-gari ba kasafai muke jin ƙamshinsa ba, alhali a cikin azuzuwanmu akwai yarinyar da ake kira daƙiƙiya, matsalarta kawai ba ta ganin allo daga baya.

Saboda haka muna kira ga shugabannin reshe su ɗauki waɗannan buƙatu zuwa matakin jiha da na ƙasa. Na farko, ƙungiyarmu ta riƙa tambaya a bainar jama'a, kowace shekara, ko jiharmu ta biya kasonta ta karɓi na tarayya, da kuma jerin makarantun da aka yi wa aiki. Na biyu, a mayar da tallafin kai-tsaye ga asusun makarantu abu na kowane zango, a auna shi da yawan yara mabuƙata, a kuma faɗaɗa ƙa'idarsa ta haɗa da alli, littafin rubutu, kayan makaranta, tabarau da audugar mata. Ranar da aka yi haka, babu sauran uzurin karɓar kuɗi daga iyaye. Na uku, ciyarwa ta zama tsayayyen aiki mai gurbi a kasafin kuɗi, daga aji ɗaya zuwa shida, yadda sauyin gwamnati ko na minista ba zai kashe murhu ba. Na huɗu, albashin malamin firamare, wanda ba daga wannan tallafi yake fitowa ba, a killace shi. Bayan hukuncin Kotun Ƙoli na watan Yulin 2024 a kan 'yancin kuɗin ƙananan hukumomi, wannan tsohuwar buƙata ta ƙungiyarmu ta ƙara zama wajibi. Malamin da ke bin bashin wata uku ba shi da kuɗin acaɓar da zai je neman yaron da ya ɓace daga aji.

Akwai kuma abin da ba ya jiran Abuja. Tun daga wannan zango, kowane malamin aji ya ware shafi ɗaya ya rubuta yaran da suka yi fashin kwana biyar a jere, da dalilin da ya gano bayan ya tambaya a gida. Hedimasta ya haɗa, wakilin ƙungiya ya kawo taron reshe. Kada mu ƙara suna ko ɗaya, kada mu rage. Idan muka shiga ofis da irin wannan takarda, ba za a ce muna surutun albashi ba ne kawai, domin ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi. Mu kuma yi wa juna alkawari cewa a makarantun wannan reshe ba za a sake koro yaro gida saboda kuɗi ba.

Yawancinmu 'ya'yan talakawa ne. Da ba don wani malami ya lura da giɓin sunanmu a rajista ya tako har ƙofar gidanmu ba, da ba mu ga kwalejin ilimi ba, balle mu riƙe alli. Gobe da safe za mu sake buɗe rajista. Sunan da aka kira ba a amsa ba, mu tambayi ina yake.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amana, Ya albarkaci yaranmu baki ɗaya.